Kwana Goma Sha Biyu a Maƙwabtan Rasha: Daga Warsaw Zuwa Gadar Narva

Ɗan yayata ne sanadin wannan tafiya. Yana aji uku a karatun likitanci a Yukren yaƙi ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, ya taka da ƙafa cikin tsananin sanyi har iyakar Polan, daga baya Allah ya sa ya samu gurbi a Warsaw ya ci gaba da karatu. Shekara uku uwarsa ba ta sa shi a ido ba, ita kuma ciwon ƙafa ba zai bar ta doguwar tafiya ba, sai aka ce ni in je in gano shi. Biza ta ci Yuro 90, ban da inshora da zirga-zirgar Abuja. Ranar 13 ga Agustan 2025 na bar Kano da asuba, na kama jirgin dare daga Abuja, muka sauya a Istanbul, washegari da rana muka sauka Warsaw. A jakata akwai yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kilishin da Yaya ta saya dole aka bar shi a gida, don ba a shiga Turai da nama.

Ya kamata in faɗi abin da na tafi da shi a zuciyata. A gidanmu da alheri ake ambaton Tarayyar Sobiyet. Baffana ya yi karatun sarrafa ƙarfe a wani birni da ake kira Zhdanov a lokacin, kyauta, har da kuɗin kashewa, ya dawo da burin Ajaokuta. Shi ya riƙa gaya mana cewa Sobiyet ce ta ba Najeriya jiragen yaƙi a 1967 lokacin da Amurka ta ƙi sayar mana da makamai, ita ce kuma ta tsaya wa masu yaƙi da wariyar launin fata a kudancin Afirka. Da na ga samari suna ɗaga tutar Rasha a titunan Kano lokacin zanga-zangar Agustan 2024, ban goyi bayansu ba, amma na san daga inda tunanin ya fito. Abin da na kasa fahimta shi ne ƙasashen da suka yi shekara arba'in da ɗoriya tare da Mosko, me ya sa suna samun sararin kansu suka ruga NATO?

Likita, haka muke kiran yaron tun kafin ya gama, ya tare ni a filin jirgi ya rame amma lafiya lau. Ɗakinsa ƙarami ne a hawa na shida na wani dogon gini irin na zamanin gurguzu. Ya bar mini gado ya kwanta a ƙasa, na yi na yi ya ƙi.

Washegari Juma'a, 15 ga Agusta, ranar sojoji ce a Polan, ana tunawa da nasarar da suka yi kan sojojin Sobiyet a ƙofar Warsaw a 1920. Muka bi jama'a zuwa bakin kogin Vistula. Na ga tankokin Abrams na Amurka, na ga K2 na Koriya ta Kudu, jiragen F-16 suna tsaga sama, yara a kafaɗun iyayensu suna kaɗa tuta fari da ja. Polan tana kashe sama da kashi 4 cikin ɗari na arzikinta a kan tsaro, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi a wurin ba. Amma fuskokin manya babu walwala, kowa yana leƙa waya. A wannan ranar ce Trump da Putin za su gana a Alaska a kan Yukren, kuma babu ɗan Yukren a teburin. Wani dattijo da ke kusa da mu ya faɗi kalma ɗaya da na gane ba tare da tafinta ba: Yalta. Likita ya ce, "Kawu, yana nufin taron 1945 da manya uku suka zauna suka raba Turai, Polan ta faɗa rabon Stalin ba a tambaye ta ba." Ya ce suna da wata magana da kowane ɗan makaranta ya sani, wai kada a yanke komai a kanmu ba tare da mu ba.

Bayan mun dawo daga masallaci muka wuce ta gaban fadar shugaban ƙasa. A wannan ginin aka sa hannu kan Yarjejeniyar Warsaw ranar 14 ga Mayun 1955, ƙawancen sojan da Mosko ta kafa don ta ja da NATO. A cikinsa kuma, a 1989, gwamnatin gurguzu ta zauna teburi ɗaya da 'yan ƙwadagon Solidarity aka shirya zaɓen da ya kawo ƙarshenta. Ƙawancen ya rushe ranar 1 ga Yulin 1991, sojojin Rasha na ƙarshe suka bar Polan a Satumban 1993.

Da daddare mai gidan da Likita ke haya, wani tsohon malamin makaranta, ya gayyace mu shayi. Na yi masa tambayar da na ɗauko tun daga Kano. Na ce, ai an ce a 1990 sakataren harkokin wajen Amurka, James Baker, ya gaya wa shugaban Sobiyet Gorbachev cewa NATO ba za ta matsa gabas ba, sai ga shi a 1999 an shigar da Polan da Hungary da Jamhuriyar Czech, a 2004 aka ƙara bakwai. Ashe ba cin amana ba ne? Bai musa cewa an yi maganar ba, ya ce dai a kan haɗewar Jamus aka yi ta, kuma ba ta shiga takarda ba. Sannan ya ajiye kofi ya ce ko da ta shiga takarda, wa ya ba Baker da Gorbachev ikon yin alkawari da ƙasarsa? Ya ce ba NATO ce ta zo musu ba, su suka yi shekaru suna buga mata ƙofa tana jan ƙafa. Da farko ma ba kowa ne ya so hakan ba. Václav Havel, shugaban Czechoslovakia a lokacin, ya taɓa fatan a rushe ƙawancen biyu gaba ɗaya a yi tsarin tsaro guda na Turai, wasu kuma suka ce a zauna 'yan ba-ruwanmu. Sai aka yi yunƙurin juyin mulki a Mosko a Agustan 1991, aka harba wa majalisar dokoki tankoki a 1993, aka shiga Chechnya a 1994. Ya ce ƙasar da aka share daga taswira tun 1795 har 1918, aka sake raba ta tsakanin Hitler da Stalin a 1939, ba ta jiran a gaya mata ma'anar irin waɗannan alamu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ban ce ya gamsar da ni a daren nan ba, amma na rasa abin da zan mayar masa.

Likita yana hutu, ya ce tunda bizar ta ba ni damar yawo, mu hau arewa mu gangaro ta ƙasa. Ranar 19 muka ɗauki jirgin sama zuwa Tallinn, babban birnin Estoniya, ƙasa da awa biyu. Ɗaki mai gado biyu muka kama a kan Yuro 58, Yuro kuwa tana neman Naira 1,800 a lokacin, don haka kowane biredi sai na lissafa shi da kuɗin gida. Abinci shi ne wahala, naman alade ya shiga kusan komai. Muka tsaya kan baƙin biredinsu mai tsami, da kyafaffen kifi, da dankali, sai shagunan kebab na Turkawa idan an dace. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, ga sanyin da su suke kira bazara ni kuwa ina cikin rigar sanyi. Washegari, 20 ga Agusta, ranar da Estoniya ta maido da 'yancinta ce a 1991, kowane gida da tuta shuɗi da baƙi da fari, kusa da ita sau da yawa ta Yukren.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan a jirgin ƙasan Narva, garin da ke iyakar Estoniya da Rasha, ya faru. Tikiti bai kai Yuro 15 ba, tafiyar awa biyu da rabi cikin daji da fadama. Wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar da ke fuskantarmu ya daɗe yana kallon hulata, can ya tambaya da Turanci ko daga Mali muke ko Nijar. Na ce Najeriya, amma me ya kai shi sanin Mali? Ya ce ya yi aikin soja a Gao.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Estoniya mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ba su kai rabin mutanen birnin Kano ba, ba ta taɓa mulkin kowa a Afirka ba, ba ta haƙar yuraniyom ko zinari a Sahel. Ya ce daga 2018 sun tura sojoji wajen hamsin cikin rundunar Barkhane ta Faransa suna gadin sansanin Gao, a Yulin 2019 aka tayar da bam a mota a ƙofar sansanin wasu 'yan uwansa suka ji rauni, daga baya suka shiga rundunar haɗin gwiwar ƙasashen Turai ta Takuba, suka fice a 2022. Na ce to don Allah me kuka je nema? A daidai lokacin jirgin yana tsayawa a wata tasha mai suna Tapa. Ya nuna ta taga ya ce a bayan itatuwan can akwai sansani, sojojin Birtaniya ne ke jagorantarsa tun 2017, akwai kuma na Faransa. Ya ce, mun je Gao ne don su zo Tapa.

Nan take na gane, don abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Biki ne. Ka kai gudummawa ranar sunan ɗan wani don ranar naka a zo maka. Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO ya ce wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka, amma sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma Amurka aka yi wa. Ƙananan ƙasashen nan ba su da tabbacin cewa ranar tasu za a zo, shi ya sa suke zuba adashi da jinin 'ya'yansu. Estoniya ta rasa sojoji tara a Afganistan, biyu a Iraƙi. Na gaya masa gaskiya cewa a wajenmu Barkhane ba ta bar suna mai kyau ba, kuma mutanen Gao ba su san wata Tapa ba, su dai sun ga Turawa da bindiga a ƙasarsu. Ya yi shiru, ya ce ya sani. Ya ce kakarsa na cikin mutane sama da 20,000 da aka kwashe daga Estoniya zuwa Saiberiya a taragon shanu a Maris ɗin 1949. A 1939 ƙasarsa ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce, ba ta tare da kowa, shekara guda bayan haka Sobiyet ta haɗiye ta. Har yau ina jin nauyin zancen nan ta fuska biyu: tsoronsa gaskiya ne, kuma a ƙasar maƙwabtanmu aka je biyan kuɗin maganin tsoron.

Narva gari ne na mutum dubu hamsin da 'yan kai, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari Rashanci suke yi. Rashancin da Likita ya koya a Yukren shi ya fisshe mu. Kogi ne siriri ya raba su da Rasha, a wannan gaɓa ganuwar Hermann, a waccan ganuwar Ivangorod da aka gina a 1492, suna kallon juna kamar zakaru biyu. Ina tsaye ina ganin masunta a ɓangaren Rasha, har kalar rigunansu. Gadar da ke tsakani sunanta Gadar Abota, amma tun Fabrairun 2024 mota ba ta bi, an jera tubalan kankare da waya mai ƙaya a kanta, sai masu tafiya a ƙasa, su ma da rana kawai. Layin masu jiran tsallakawa ya miƙe har cikin dandalin gari.

A kan benci kusa da layin muka zauna da wata tsohuwa mai jakar ledoji. Ta ce a Narva aka haife ta, iyayenta sun zo bayan yaƙin duniya lokacin da garin yake kufai, ta yi shekara talatin a masaƙar Kreenholm wadda ta taɓa ɗaukar ma'aikata sama da dubu goma kafin ta rufe a 2010. Na tuna masaƙun Kaduna da na Kano, irin wannan shirun ne a jikin gine-ginen. Ta fito da fasfonta ta nuna mana, ruwan toka ne, ba na Estoniya ba, ba na Rasha ba. Bayan 1991 Estoniya ta ba da ɗan ƙasa kai tsaye ga waɗanda suke 'yan ƙasa kafin 1940 da zuriyarsu, sauran sai sun ci jarrabawar harshe. Ita ba ta ci ba. Ƙanwarta tana Ivangorod, tafiyar da a da minti goma ce, yanzu wuni guda. A 2022 an ɗauke tankar T-34 da ke bakin kogi wadda amare ke zuwa ɗaukar hoto a gabanta, makarantu kuma ana mayar da su harshen Estoniya. Na sa Likita ya tambaye ta ko za ta so Narva ta koma Rasha. Ta girgiza kai da sauri ta ce ta ga fanshon ƙanwarta, ta ga titunan can. Abin da take so kawai a daina kallonta kamar ita ta kawo yaƙin.

Wannan ya taɓa ni, don na san irinsa. Lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, a Jibiya da Maigatari ba janar-janar ne suka sha wuya ba, mata ne masu 'yan uwa a Maraɗi da Damagaram. Amma na kuma fahimci abin da gwamnatin Tallinn ke gudu, domin da sunan kare masu jin Rashanci Rasha ta shiga yankunan Kirimiya da Donbas na Yukren a 2014. Ban ga yadda za a yi a raba wannan tsoro da wannan tsohuwa ba tare da an danne ɗaya ba, kuma a ganina an fi danne ta fiye da yadda ya kamata.

Muka koma Tallinn muka kwana, da safe bas ya kai mu Riga, babban birnin Latbiya, cikin awa huɗu da rabi a kan Yuro 20, babu wanda ya tsayar da mu a iyaka, allo kawai muka gani. Riga kwana ɗaya muka yi. Sun rushe dogon ginshiƙin tunawa da nasarar Sobiyet mai tsayin mita 79 a Agustan 2022, sun dawo da aikin soja na dole ga samari, sojojin Kanada ne ke jagorantar rundunar NATO a can. Kasuwarsu ta tsakiya cikin tsofaffin rumfunan jiragen sama take, na sayi zuma da kifi.

Mun shiga Vilnius, babban birnin Lituwaniya, ranar 23 ga Agusta, ba da shiri ba muka dace da ranar. A irin wannan rana a 1939 ministocin Hitler da Stalin suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta raba yankin a asirce. A irinta kuma a 1989 mutane kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Tallinn ta Riga har Vilnius, sama da kilomita 600, wato kusan hanyar da muka biyo a bas. Na yi ta auna abin a raina, kamar a ce daga Kano mutane sun jeru hannu da hannu har sun wuce Abuja. Muka je hasumiyar talabijin inda tankokin Sobiyet suka afka wa farar hula ranar 13 ga Janairun 1991, mutum 14 suka mutu. Akwai sunayensu a wurin, yawancinsu matasa.

A nan na koyi cewa tsaro ba bindiga kaɗai ba ne. Lituwaniya ce ta fara ayyana ficewa daga Sobiyet ranar 11 ga Maris 1990, wata guda bayan haka Mosko ta rufe mata mai ta rage gas. Ba su manta ba. A 2014 suka kawo wani katafaren jirgin ruwa mai karɓar gas a tashar Klaipėda suka sa masa suna 'Yanci, a Fabrairun 2025 kuma ƙasashen uku, Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, suka yanke wayar lantarkinsu daga ta Rasha da Belarus suka haɗa da ta Turai. Duk wanda ya ga yadda Yamai ta shiga duhu da Najeriya ta yanke mata wuta a 2023 zai gane dalili. Shiga Tarayyar Turai ma da tsadarta, don sai da suka rufe tashar nukiliyar Ignalina a ƙarshen 2009, wadda ke ba su mafi yawan wutarsu. Yanzu kuma Jamus, wadda ta mamaye su a 1941, ita ce ke girke birged guda na kusan soja 5,000 a ƙasar, su kuma suna maraba.

Direban tasin da ya kai mu tashar bas ɗan Belarus ne, ya gudo bayan zaɓen 2020. Iyakar ƙasarsa kilomita 30 ce kacal daga Vilnius amma ba ya iya zuwa. Belarus ta ɗauki ɗaya hanyar: Lukashenko na mulki tun 1994, ƙawancen soja da Mosko, gas mai araha, sai ga shi a 2022 ta ƙasarsu aka bi aka nufi Kyiv. Likita, wanda ba ya son zancen yaƙin, a nan ya buɗe baki. Ya ce, "Kawu, Yukren fa ta gwada tsakiya. A 1994 ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. A 2008 NATO ta ce wata rana za ta shiga ita da Jojiya, ba a sa rana ba. A 2010 ta yi doka cewa ba ta cikin kowane ƙawance. Tana cikin wannan dokar aka ɗauke Kirimiya." Ya ce Moldoba ma ta rubuta ba-ruwanmu a tsarin mulkinta tun 1994, amma har yau akwai sojan Rasha a yankin Transnistria. Sannan ya ba ni labarin kwana ukun da ya yi a layin iyaka, yadda aka riƙa mayar da baƙaƙen fata baya, abin da bai taɓa gaya wa uwarsa ba.

Daga Vilnius bas ya gangara da mu kudu ta zirin Suwałki, inda tazarar da ke tsakanin Belarus da yankin Kaliningrad na Rasha ba ta wuce kilomita 65 ba. Masana soja suna cewa in aka toshe nan an yanke ƙasashen uku daga sauran NATO. Ni dai gonaki na gani da tafkuna da shanu masu ƙiba. A nan muka gamu da shingen bincike na farko a duk tafiyar, don tun 7 ga Yulin 2025 Polan ta dawo da duba takardu a iyakarta da Lituwaniya saboda 'yan ci-rani. Jami'ai biyu suka shigo, suka karɓi fasfona suka tambayi tikitin komawa da inda zan kwana. Namu ya fi na kowa daɗewa a hannunsu, kuma na ji idon mutanen bas a kanmu. Minti ashirin aka sallame mu. Babu wanda ya ce a kawo na goro, abin da duk mai bin hanyoyinmu na kan iyaka ya san bambancinsa.

Muka kwana a Białystok da ke gabashin Polan, da safe jirgin ƙasa zuwa Sokółka, daga nan tasi na 'yan mintuna zuwa wani ƙauye mai suna Bohoniki. Ban taɓa zaton zan ga masallaci a irin wannan wuri ba. Na katako ne, ƙarami, da ɗan kubba da jinjirin wata. Musulmin Tatar ne, Sarkin Polan Jan Sobieski ya ba kakanninsu ƙasar a 1679 a madadin albashin aikin soja, sun riƙe addininsu shekara ɗari uku da ɗoriya, har cikin zamanin gurguzu. Wata dattijuwa ta buɗe mana, muka yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara muka yi azahar. Ta kawo mana wani abinci na fulawa mai ninki-ninki da naman sa a ciki, karo na farko a kwana goma da na ci nama hankalina kwance.

Daga nan ta nuna mana hanyar maƙabarta a bakin daji. A gefe guda akwai sababbin kaburbura. Tun 2021 gwamnatin Lukashenko ta riƙa ba mutane daga Iraƙi da Siriya da Yaman da ƙasashen Afirka biza, ana kai su bakin iyaka a ce su tsallaka, don a matsa wa Tarayyar Turai. Polan ta mayar da martani da sojoji da katangar ƙarfe mai tsayin mita biyar da rabi, tsawon kilomita 186. Waɗanda suka maƙale a tsakani, wasu sanyi da yunwa da fadama suka kashe su a dajin. Mutanen ƙauyen nan suka ce ba za a bar Musulmi ba sallah ba, suka karɓi gawarwakin suka yi musu sutura. Wani kabarin ɗan ƙarami ne ƙwarai. Wani kuma babu suna. Likita ya tsaya ya kasa motsi, na san yana ganin kansa ne a layin 2022. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, muka daɗe. Waɗannan ba su san Yalta ba, ba su san Sashe na 5 ba, an dai yi amfani da su a rigimar da ba tasu ba, ɓangare ɗaya ya tura su ɗayan ya tare.

Ranar 26 na baro Warsaw. Da na isa Kano na fara kai wa Yaya hotunan ɗanta da saƙonsa, da yamma na wuce wajen Baffa da baƙin biredi guda da na ɓoye masa a jaka. Shi kullum "Rasha" yake cewa in yana zancen inda ya yi karatu, mu ma haka muka ɗauka, sai a 2022 muka gane Zhdanov ɗin nan ita ce Mariupol, a Yukren take, kuma masana'antar ƙarfen da aka yi ta nunawa tana ci da wuta a nan ya yi koyon aiki. Tun lokacin bai cika son zancen ba. Na ba shi labarin sojan Gao da tsohuwar Narva da kaburburan Bohoniki, yana saurare bai katse ni ba. Da na gama ya sa aka ɗauko masa wani tsohon hoto, su goma sha biyu a gaban wani gini cikin manyan riguna. Ya riƙa nuna su da yatsa: wannan ɗan Rasha ne, wannan ɗan Yukren, wannan daga Riga ya zo, ɗakinsu ɗaya da shi shekara biyu. Sannan ya gutsuri biredin ya sansana, ya ce in miƙo masa gishiri.